Haƙƙin Baƙon Da Bai Iso Ba

Idan mace ta sauka lafiya, Bahaushe kan ce an yi baƙo a gidan wane. Kalmar tana da nauyi, domin a wurinmu baƙo mutum ne mai haƙƙi. Ana share masa ɗaki, a shimfiɗa masa tabarma, a kawo masa ruwa tun kafin a tambaye shi abin da ke tafe da shi. Tambayar da nake so mu duba tare, mai karatu, ita ce: yaushe haƙƙin wannan baƙo yake farawa? Ranar da ya yi kukan farko? Ranar da uwa ta ji motsinsa? Ko kuwa tun lokacin da miji da mata suka fara roƙon Allah ya kawo shi? Taba sigari ce ta sa nake wannan tambaya, saboda babu wani abu da muke yi da hannunmu kullum, da kuɗinmu, cikin nishaɗi, wanda yake isa ga ɗan da ke ciki da sauri kamar hayaƙinta.

A zauren rediyo, duk lokacin da aka buɗe layi kan maganar taba, amsa ɗaya ce ta fi yawan fitowa daga bakin masu sha: «Jikina ne, kuɗina ne, ba na roƙon kowa.» Wannan magana ba ta banza ba ce, kuma bai kamata a yi mata dariya ba. Wani masanin falsafa ɗan Ingila, John Stuart Mill, ya rubuta littafi a 1859 a kan ƴanci, inda ya kafa hujjar cewa al'umma ba ta da ikon tilasta wa baligi mai hankali ya bar abin da yake so, sai fa idan abin zai cutar da wani. Ko a gargajiyarmu ma akwai wannan fahimta, shi ya sa ba a bin dattijo da sanda don ya bar goro. Amma ka lura da sharaɗin da hujjar ta zo da shi: sai fa idan zai cutar da wani. Ranar da ciki ya shiga, wannan «wani» ya samu, kuma ya fi kowa kusa. Ba ya iya tashi ya canza wurin zama, ba ya iya buɗe taga, ba ya iya cewa «don Allah a kashe».

Abin da hayaƙi yake yi a ciki

Kafin a yi hukunci a kan abu, sai an san shi. Hayaƙin taba yana ɗauke da sinadarai fiye da 7,000, kuma kimanin 70 daga cikinsu an tabbatar suna haddasa ciwon daji. Biyu daga cikin waɗannan dubbai sun fi shafar mai juna biyu. Na farko shi ne nikotin, wanda shi ne yake kama mai sha ya hana shi dainawa. Nikotin yana tsuke hanyoyin jini, har da waɗanda suke kai jini ga mabiyiya, kuma yana ratsa mabiyiyar ya shiga jinin ɗan. Na biyu iskar guba ce mai suna kabon monoksaid, irin wadda take kashe mutanen da suka kwana da garwashin gawayi a rufaffen ɗaki lokacin sanyi, ko da janareta a kusa da taga. Wannan iska tana manne wa jini fiye da yadda iskar oksijin take mannewa, sama da sau 200. Inda ta zauna, oksijin ba ya samun wuri.

Ɗan da ke ciki ba ya numfashi da huhunsa. Duk iskar da yake rayuwa da ita, da duk abincinsa, ta igiyar cibiya suke zuwa. To ka kwatanta: an tsuke hanya, sannan abin da ke bin hanyar an gauraya shi da guba. Sakamakon ba ɓoyayye ba ne. Tun a 1957 wata likita a Kalifoniya ta Amurka, Winea Simpson, ta bi diddigin mata fiye da 7,000, ta ga cewa haihuwar jarirai ƴan ƙanana da ba su kai nauyi ba ta kusa ninkawa a tsakanin masu shan taba. Binciken da ya biyo baya cikin shekaru masu yawa ya tabbatar da haka: a matsakaici, jaririn mai shan taba yana zuwa da raunin nauyi na kusan giram 200. Ga wanda ya saba auna gero da tiya, giram 200 ba komai ba ne. Ga jaririn da iyakar lafiyarsa take a kilo 2.5, zai iya zama tazarar da ke tsakanin komawa gida da kwanciya a kwalba.

Ba nauyi kaɗai ba ne. Shan taba yana ƙara haɗarin ɓari, da zaman ciki a wajen mahaifa, da rabuwar mabiyiya tun kafin naƙuda wadda take zuwa da zubar jini mai iya tafiya da uwa da ɗa, da haihuwar bakwaini kafin mako 37, da haihuwar ɗa babu rai, da tsagewar leɓe ko ganɗa. Bayan haihuwa kuma akwai mutuwar farat ɗaya da take samun jarirai cikin barci, wadda hayaƙin taba yake cikin manyan abubuwan da ke ƙara haɗarinta.

Wasu mata sukan ce ai ƙaramin ɗa ya fi sauƙin haihuwa. Wannan tunani yana da haɗari. Jaririn da ya ƙanƙance saboda ƙarancin iska da abinci ya shigo naƙuda a galabaice, ga shi naƙuda aiki ce mai wuya a kansa shi ma. Sauƙin da ake hange sau da yawa yakan koma wahalar makonni a asibiti.

Wa yake shan tabar a gidajenmu?

A nan ne maganar take juyawa, kuma a nan ne nake ganin yawancin nasihohin da muke kwafowa daga Turai suke kuskuren adireshi. A can, idan aka ce taba da ciki, mace ake nufi. A Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa, ko Yamai, matan da suke kunna sigari kaɗan ne ƙwarai idan aka kwatanta da maza. Hayaƙin da yake isa ga cikin matanmu, mafi yawansa daga bakin maigida yake fitowa, ko ƙanensa da ke zaune a gidan, ko abokansa da suka kafa fada a ƙofar ɗaki ana dafa shayi har tsakar dare. Matar ba ta sayi kara ko ɗaya ba, amma tana sha.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba tana kashe mutum fiye da miliyan 7 a kowace shekara, kuma fiye da miliyan 1 daga cikinsu ba masu sha ba ne, hayaƙin wasu ne suka shaƙa. Hukumar ta kuma bayyana cewa babu wani adadin wannan hayaƙi da za a ce ba shi da illa. Mai cikin da take kwana ɗaki ɗaya da mai sha tana fuskantar ƙarin haɗarin haihuwar ɗa mara nauyi da haihuwar ɗa babu rai, ko da ita ba ta taɓa sa sigari a bakinta ba.

Abin mamaki shi ne, maigidan nan ba mugu ba ne. Shi ne wanda idan kwaɗayin ciki ya tashi matarsa da dare ta ce tsire take so, zai hau babur ya zaga gari har ya samo. Shi ne zai hana ta ɗaukar bokitin ruwa, ya biya kuɗin awon ciki, ya fara tara kuɗin ragon suna tun ciki yana wata uku. Sannan ya dawo ya zauna a bakin gado ya kunna sigari. Bai haɗa abubuwan biyu a ransa ba, domin ba wanda ya taɓa haɗa masa su. An koya masa cewa ciki sha'anin mata ne, nasa kawo cefane.

Wannan ba ya nufin mata sun kuɓuta gaba ɗaya. Akwai tabar da ba a kunna mata wuta: ta gari da ake shaƙa, da wadda ake haɗawa da kanwa a ajiye a baki. Ba ta da hayaƙi amma tana da nikotin, kuma an danganta ta da raunin nauyin jarirai da haihuwar ɗa babu rai. Sannan ga shisha, wadda ta shigo birane ta zama abin ado a tsakanin samari da ƴan mata. Ƙamshin tuffa ko na na'ana'a yana ruɗar mutane su ɗauka ruwan tulun yana wanke gubar. Ba ya wankewa. Zama ɗaya na shisha yakan kai awa guda, mai sha yana zuƙar hayaƙin da ya ninka na kara ɗaya sau da yawan gaske, kuma gawayin da ke kanta yana ƙara nasa kabon monoksaid. Sigarin lantarki da ake tallata wa matasa shi ma yawancinsa yana ɗauke da nikotin.

Wanda ba a yi cikinsa ba tukuna

Tambaya mafi wuya ita ce ta ma'auratan da suke neman haihuwa. Mai ciki aƙalla tana ɗauke da wani. Amma wanda ba a ko yi cikinsa ba, ta yaya za a ce yana bin wani haƙƙi? Ai babu shi. Ba a zaluntar wanda babu.

Ka ɗauki magini da aka ba shi aikin soro, ya yi ha'inci ya sa azara mai ɓago. Shekara 10 bayan haka rufin ya faɗo a kan yaro ɗan shekara 5. Ranar da maginin ya yi ha'incinsa ba a haifi yaron ba, iyayensa ma wataƙila ba su san juna ba. Duk da haka babu mai hankalin da zai ce maginin ba shi da alhaki. Abin da ya ɗora masa alhakin shi ne ya san wani zai kwana a ƙarƙashin rufin nan, ko wane ne shi. Miji da matar da suke neman haihuwa sun fi maginin sani, domin su ne suke gayyatar mai kwanan da kansu.

Addinin da akasarinmu muke bi ma ya san da wannan. A mazhabar Malikiyya, idan mutum ya rasu ya bar matarsa da ciki, ana dakatar da rabon gado har sai ta haihu, don kada a ci rabon wanda bai iso ba. An kuma yi wa mai ciki rangwamen ajiye azumin Ramadan idan ta ji tsoron cutuwar abin da ke cikinta. Idan ana tsayar da magada baligai su jira saboda gonar da zai gada, kuma ana sassauta farilla saboda lafiyarsa, yaya za a ce ba shi da haƙƙi a kan iskar da zai rayu da ita?

Ilimin likitanci ya ƙara wa wannan hujja ƙarfi. Zuciyar ɗan tayi tana fara bugawa wajen mako na 6, leɓensa yana haɗuwa cikin watanni biyun farko, a lokacin da mata da yawa ba su ma tabbatar suna da ciki ba. Wadda ta ce sai ta ga ciki za ta daina, ko mijin da ya ce sai likita ya tabbatar zai fita waje da tabarsa, sun riga sun bar makonni mafi muhimmanci sun wuce cikin hayaƙi. Akwai ma abin da ya fi wannan ban mamaki: ƴa mace ana haihuwarta da dukan ƙwayayen haihuwar da za ta yi amfani da su a rayuwarta, a cikin uwarta suke samuwa. Mai cikin ƴa mace tana ɗauke da irin jikokinta a lokaci guda.

Taba kuma tana tsaye a ƙofar shigar cikin kanta. Mata masu sha sun fi daɗewa kafin su samu ciki, kuma al'adarsu takan ɗauke da wuri fiye da ta waɗanda ba sa sha. A wajen maza, taba tana rage yawan ƙwayoyin maniyyi, tana rage kuzarin tafiyarsu, tana lalata ƙwayar halittar da suke ɗauke da ita, kuma tana cikin sanannun dalilan raunin mazakuta saboda yadda take ɓata hanyoyin jini. Mu kuwa mun san yadda ake yi idan haihuwa ta yi jinkiri a gidajenmu. Matar ce ake kai wa asibiti, ita ake jiƙa wa saiwoyi, ita take shan gorin dangin miji, daga ƙarshe a fara maganar ƙaro mata abokiyar zama. Ba kasafai ake duban aljihun rigar maigida a ga kwalin da ke ciki ba. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Hujjojin da ake karewa da su

Za a ce: wance mijinta ya shekara 30 yana sha, ta haifi ƴaƴa 10 lafiya lau. Gaskiya ne, ana samun haka. Haka kuma akwai ɗan kabu-kabun da ya shekara 10 yana gudu ba hular kwano bai taɓa faɗuwa ba. Haɗari ba alkawari ba ne cewa kowa zai faɗi. Ƙarin yiwuwar faɗuwa ne. Waɗanda suka tsira muna ganinsu suna yawo a unguwa, shi ya sa muke kafa hujja da su. Cikin da ya zube a wata na uku ba a yi masa suna ba, ba a ƙirga shi, ba a kuma tambayi dalili ba. Kuma akwai bambanci tsakanin mutum ya yi caca da ransa da ya yi caca da ran wanda bai ba shi izini ba.

Za a ce: komai ƙaddara ce, abin da Allah ya rubuta ba makawa. Babu mai musun wannan. Amma mai wannan magana yana kulle shagonsa da dare, yana kwana cikin gidan sauro, yana kai yaronsa rigakafin ƙyanda. Bai taɓa cewa ƙaddara ta ɗauke masa waɗannan ba. Sai a kan abin da ransa yake so kaɗai yake tuna ƙaddara. Imani da ƙaddara yana ba mutum haƙurin abin da ya fi ƙarfinsa, ba ya wanke shi daga abin da ya kunna da ashanarsa.

Za a ce: matan nan ai kullum suna cikin hayaƙin itace a madafa, me hayaƙin kara ɗaya zai ƙara? Hayaƙin itace da na kara da na gawayi lalle yana cutar da mai ciki, shi ma an danganta shi da raunin nauyin jarirai, kuma ya kamata a rage mata shi gwargwadon hali. Sai dai wannan hujja ce a kan mai sha, ba a gare shi ba. Jakin da aka riga aka yi wa lodi ba a ce tunda ya saba a ƙara masa buhu. Hayaƙin murhu da tuwo yake fitowa, gida ba ya iya barinsa yau. Hayaƙin sigari ba ya fitowa da komai.

Tsakanin alhaki da zargi

Duk da haka, akwai wata gaskiya da mai wa'azin barin taba yakan tsallake, kuma tsallake ta zalunci ne. Nikotin yana kama ƙwaƙwalwa kamun gaske. Mafi yawan masu sha sun fara ne suna yara, a fada ko a tasha ko a wajen aikin ƙarfi, tun ba su san abin da suke saya ba, ga shi ana sayar da ita kara-kara a kowane tebur yadda kuɗin yaro zai isa. Da yawansu sun yi ƙoƙarin bari sau da dama suka koma. Wanda bai taɓa jin wannan ƙishi ba yana da sauƙin cewa «kawai ka daina».

Saboda haka dole a raba alhaki da zargi. Alhaki yana kallon gaba, yana tambayar me ya kamata a yi yanzu. Zargi yana kallon baya, yana neman wanda za a nuna da yatsa. A al'ummarmu macen da aka sani tana shan sigari ko shisha an gama yi mata hukunci, an sa mata suna. Me zai biyo baya? Idan ta je awon ciki ba za ta faɗa ba, ungozoma ma kunya za ta hana ta tambaya, sai a rabu kowa ya yi shiru, ɗan da ke ciki ya biya kuɗin shirun. Tun 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa tambayar kowace mai ciki game da taba a duk zuwanta awo, wadda take sha da wadda ake sha a kusa da ita, kuma a riƙa yin magana da mazajen kai tsaye. Tambayar tana amfani ne kawai idan mai amsawa ta tabbata taimako za ta samu, ba tonon asiri ba.

Matar da ta taɓa yin ɓari ko ta rasa jariri kuma ba ta bukatar a ɗora mata wani dutsen a ƙirji. Ɓari yana da dalilai masu yawa, kuma babu mai iya nuna ciki ɗaya ya rantse cewa taba ce ta zubar da shi. Abin da aka sani shi ne cikin da ke tafe zai fi samun sa'a idan babu hayaƙi.

Ribar tana zuwa da wuri

Abin da ya sa wannan magana ba ta baƙin ciki ba ce shi ne jiki yana saurin yafewa. Minti 20 bayan karan ƙarshe, bugun zuciya da hawan jini suna fara sauka. Cikin awa 12, kabon monoksaid da ke jini yana komawa daidai, wato tun a ranar farko ɗan da ke ciki ya fara samun cikakkiyar iskarsa. Cikin mako 2 zuwa 12 gudun jini yana gyaruwa, huhu yana ƙara ƙarfi. Bayan shekara 1, ƙarin haɗarin ciwon zuciya yana raguwa da kusan rabi. Namiji kuma jikinsa yana ɗaukar kimanin wata 2 da rabi kafin ya ƙera sabon maniyyi, don haka wanda ya bari yau, bayan wata 3 da sabon iri yake neman haihuwa.

A 2009 an wallafa wani bincike da aka yi a kan mata kimanin 2,500 masu cikin fari a Niyu Zilan da Ostareliya. Waɗanda suka bar taba kafin ciki ya kai mako 15, yawan haihuwar bakwaini da ta ƙananan jarirai a tsakaninsu bai bambanta da na waɗanda ba sa sha ba. Wadda ta wuce mako 15 ma ba ta makara ba, domin a watannin ƙarshe ne ɗa yake tara yawancin nauyinsa, kuma kowace rana ba hayaƙi riba ce. Ragewa ta fi ci gaba yadda ake, amma ba ta kai bari ba, saboda ko kara kaɗan a rana yana da tasiri, kuma mai ragewa yakan zuƙi wanda ya rage da ƙarfi.

An ga irin wannan riba a matakin ƙasa ma. A 2014 mujallar likitanci ta Lancet ta tattara binciken da aka yi a Turai da Arewacin Amurka, aka ga haihuwar bakwaini ta ragu da kimanin kashi 10 cikin 100 bayan kafa dokokin hana shan taba a wuraren jama'a. Yarjejeniyar duniya ta yaƙi da taba ta fara aiki a 2005, Nijar ta kafa dokarta a 2006, Ghana ta sa nata tanadin cikin dokar lafiyar jama'a ta 2012, Najeriya ta yi tata a 2015. Amma doka iyakarta zaure. Ba ɗan sandan da zai shiga ɗakin mutum ya kashe masa sigari, kuma bai kamata ya shiga ba. Daga zaure zuwa ciki, sai lamirin maigida.

Akwai kuma lissafin aljihu. A ce kara ɗaya dala 5 ne, wato sefa 25, mutum yana shan 10 a rana. Sefa 250 ke nan kullum, jaka 7 da rabi a wata, jaka 67 da rabi a watanni 9 na ciki. Kowa ya san abin da wannan kuɗi zai yi a gidan mai jego.

Yadda ake biyan wannan haƙƙi

Mai niyyar bari ya sa rana, ya faɗa wa matarsa da abokansa na fada, ya fitar da kwali da ashana daga gida. Ya san cewa kwanaki ukun farko sun fi zafi: fushi, ciwon kai, rashin barci, jin kamar an rasa wani abu. Yawancin wannan yana lafawa cikin mako 2 zuwa 4. Ƙishin kansa idan ya taso mintuna kaɗan yake yi ya wuce, kamar guguwa. A sha ruwa, a tashi a taka, a sa asuwaki a baki. A gane lokutan da suka saba kiran taba, bayan cin abinci ko wajen shayi, a canza musu tsari. Wanda yake azumi ya riga ya san yana iya yin awa 13 ko fiye babu ita, kwana 29 ko 30 a jere. Wanda ya zame ya sha kara ɗaya kada ya ce shi ke nan an gama. Da yawan waɗanda suka rabu da ita ba a karon farko suka yi nasara ba. Sannu ba ta hana zuwa.

Mai ciki kada ta sayi wani maganin barin taba da kanta, ko na kanti ko na gargajiya, sai ta yi shawara da likita ko ungozoma. Maigidan da bai kai ga bari ba tukuna, mafi ƙarancin abin da ke kansa shi ne kada ya sha a ɗaki, ko a tsakar gida kusa da ita, ko a mota, kuma ya sani buɗe taga ko kunna fanka ba ya kore gubar. Ƙurar hayaƙin tana maƙalewa a riga da labule da katifa. Idan aka tafi goyon ciki gidan iyaye, dokar ta bi ta can, kawu da yayye su ma su sani. Bayan suna kuma kada a ce an sauke nauyi, domin jaririn da ke shaƙar hayaƙi ya fi saurin kamuwa da ciwon huhu da asma da ciwon kunne, kuma yaron da ya tashi yana ganin taba a hannun babansa ya fi kusa da ɗaukarta.

Matar da mijinta yake sha tana da ikon ta yi magana, kuma maganar ba rashin kunya ba ce. Idan nauyin bakinsa ya hana ta, uwar miji tana nan, wadda jikan nata ne ita ma, kuma kalmarta tana shiga inda ta matar ba ta shiga. Abokan fada su ma suna da rabonsu: wanda ya ce ya bari saboda iyalinsa sun samu ciki, kada a miƙa masa kara don gwaji, kada a yi masa ba'a cewa mace ta mallake shi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Yawancin haƙƙoƙin da muke biya a rayuwa, masu su suna iya tsare mu a hanya su tambaya. Mai bashi yana sallama, maƙwabci yana kai ƙara wajen mai unguwa. Wannan kuwa ba zai taɓa tambaya ba, kuma idan aka biya shi ba zai sani ba, domin yaron da ya zo da cikakken nauyi da lafiyayyen huhu ba ya tuna cutar da ba ta same shi ba. Shi ya sa nake ganin barin taba saboda ɗan da ake jira yana cikin ayyukan da suke nuna ainihin halin mutum: abin da yake yi wa mara ƙarfi a lokacin da babu mai tilasta shi. Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya ba masu nema, ya kuma ba masu ƙoƙarin bari ƙarfin zuciya.